Daga mai gyaran rediyo zuwa mai gyaran caja

Yau bari mu ɗan waiwayi tarihin wani abu da ke kowane gida: cajar salula.

Kafin zuwan salula, rediyo da kaset su ne aikin masu gyara a kasuwanninmu. Wanda ya gaji da sayen batir sai ya nemi adafta, wannan mai nauyi, da taransifoma a cikinta tana sauke kuran daga volt 220 zuwa 6 ko 9. In ta ƙone, mai gyara ya warware wayar tagulla ya sake naɗa sabuwa da hannu. Aikin wuni guda ne, amma ba a jefarwa.

Da Celtel ta fara aiki a Nijar a 2001, sana'ar ta samu sabon ciniki. Lokacin kowane kamfani da nasa bakin caja. Wa ya manta da Nokia mai babban baki da mai ƙaramin baki? In taka ta mutu, ta maƙwabci ba lallai ta shiga ba, dole ka kai gyara. Ciwon kuwa sananne ne: ko waya ta tsinke a wuya, ko fis ya ƙone, ko kondansata ta kumbura. Ɗan dalma kaɗan, ta tashi.

Daga baya yawancin salula suka koma baki ɗaya na USB, caja ta yi arha har kuɗin gyara ya kusa na sabuwa. Muka koyi jefarwa. A watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta, kowa ya koma caji a janareta da sola, sai ga darajar caja mai ƙwari ta sake fitowa.

To ga inda gizo ke saƙa. Caja mai kyau tana raba kuran mai kisa da volt 5 ɗin da ke shiga salularka. Ta jabu sau da yawa tazarar ba ta isa ba. Tsohon mai gyara yana buɗewa zai gane, mu kuwa sai ta yi wari.

Don haka in ta kirki ta lalace, a kai gyara. Wadda ke zafi sosai ko tartsatsi, a rabu da ita, kuma kada a bar ta kan katifa da dare. Allah ya kiyaye mu.