ZARE: Daga tikitin kwali na tashar Sabon Gari zuwa farin akwatin da ya tsayar da mu a geti a Samaru

1/ Jama'a, na taɓa biyan kuɗin tikiti, kuɗin ya fita, saƙo ya shigo wayata, amma aka hana ni shiga taro. Dalili? Wurin da ya kamata bakod ya fito, farin akwati ne kawai. Abin ya sa na koma bin tarihin tikiti a Zariya. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ A wani ɗakin taro ne a Samaru, daren wasan barkwanci da waƙa. Ni da ƙanwata muka je, ita ta matsa, har da kuɗin adashinta ta sa. Muka iso geti, na buɗe waya. Sunana na nan, kwanan wata na nan, lambar oda na nan. Zanen da za a haska da na'ura kuwa babu shi.

3/ Yaron da ke geti ya ce, "Babban yaya, ka yi haƙuri, ni abin da na'ura ta faɗa nake bi." Na nuna masa alat. Ya ce shi ba a ba shi umarnin duba alat ba. Muka koma gefe. Ashe ba mu kaɗai ba ne, wasu na ɗaga waya sama suna neman sabis, wasu na roƙon a kunna musu data.

4/ A tsayen nan na tuna wani ɗan kwali da ke cikin gwangwanin takardun marigayi kakanmu. Tikitin jirgin ƙasa ne, Zariya zuwa Gusau. Ya saya bai yi tafiyar ba, saboda kakarmu ta fara naƙudar babanmu a ranar. Kwalin ya yi ja, amma har yau lambarsa na karantuwa.

5/ Mu fara daga can. Layin dogo da Turawa suka taso da shi daga Baro ya bi ta Zariya ya isa Kano a 1911. Sabon Gari ma a kusa da tashar ta tashi, da ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu da arewa. Jirgi ne ya kafa unguwar, a taƙaice.

6/ Zariya ta zama mahaɗa. Akwai ƙaramin layin da ya tashi daga nan ya nufi Jos saboda kuza, wanda aka rufe a 1957. Akwai kuma wanda ya yi Funtuwa da Gusau, ya kai Kauran Namoda a 1929. Shi ne ya ratsa ta Samaru. 'Yan Hayin Dogo, ga asalin sunan unguwarku nan.

7/ Kafin jirgi, matafiyi da fuska da sanayya yake tafiya. Madugu ya san mutanen ayarinsa, mai masauki ya san baƙonsa. Jirgi kuwa ɗaruruwan mutane yake kwasa waɗanda ba wanda ya san wani. Dole a samu abin da zai tsaya a madadin "na san shi". Wannan abin shi ne tikiti.

8/ Shi wannan ɗan kwalin yana da mai ƙirƙira. Sunansa Thomas Edmondson, kafinta ne a Ingila da ya karye, ya samu aikin kula da wata ƙaramar tasha a layin Newcastle da Carlisle a shekarun 1830. A lokacin da hannu ake rubuta wa kowane fasinja tikiti.

9/ Matsalar rubutun hannu biyu ce: layi ba ya tafiya, kuma akawu na iya karɓar kuɗi ya zuba aljihu ba wanda ya sani. Sai Edmondson ya yanka kwalaye daidai wa daida, ya buga wa kowanne lamba a jere, ya ƙera na'urar buga kwanan wata.

10/ Ku lura da dabarar nan. In da safe tikitin sama lamba 200 ne, da yamma ya zama 260, to akawu zai kawo kuɗin mutum 60 ko ya yi bayani. Wato tun farko an ƙirƙiri lambar ne don a tsare mai sayarwa, ba don a wahalar da mai saye ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

11/ Irin wannan kwalin ya bazu a layukan dogo na duniya, har ƙasashen da Ingila ta mulka. A Ingilar kanta sai a 1990 aka daina amfani da shi. Ba ya bukatar caji, ba ya bukatar sabis. Mai dubawa ya huda shi da ɗan ƙarfe, magana ta ƙare.

12/ Babanmu yana ba mu labarin sinima a Sabon Gari lokacin samartakarsu. Ka sayi takarda a taga, mai geti ya yaga rabi ya ba ka rabi. Ya ce akwai masu saye da yawa su ɓoye, in fim ɗin Indiya ya yi farin jini su ninka kuɗi a waje. Bumburutun tikiti ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba.

13/ To ina bakod ya fito? Amurka. Wasu mutum biyu, Norman Joseph Woodland da Bernard Silver, suka fara tunanin a 1948. Woodland yana zaune a bakin teku a Miami ya ja yatsunsa cikin yashi, ya ga in aka ja ɗigo da gajerun layukan saƙon tangaraho suka yi tsawo, za a samu siraran layuka da masu kauri.

14/ Sun samu takardar mallakar fasahar a 1952, amma ba na'urar da za ta karanta da sauƙi. Abin da ya burge ni, cikin waɗanda suka fara gwada irin wannan zane sosai akwai kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka. A 1967 suka ɗauki wani tsari mai suna KarTrak, suna manna layuka masu launi a jikin taragu.

15/ Kun san abin da ya kashe shi? Datti. Ƙura da dauɗa suka riƙa rufe zanen, na'ura ta kasa karantawa, kafin ƙarshen shekarun 1970 aka watsar. Kun ga ke nan "ba ya sikanin" tsohon ciwo ne, ba a getin Samaru aka fara ba.

16/ Ranar 26 ga Yuni 1974, a wani kanti a garin Troy na jihar Ohio, aka fara haska irin bakod ɗin da muke gani yau a kan kayan sayarwa. Fakitin cingam ne na Wrigley. Yanzu ɗauki kwalin madara ko sabulu a shagon unguwarku ka duba ƙasan layukan. Za ka ga lambobi.

17/ Lambobin nan su ne ainihin saƙon. Layukan hanyar da na'ura ke bi ta karanta su ne kawai. An rubuta su a fili ne don in zane ya goge, mai kanti ya shigar da hannu. In ka ga sun fara da 615, a Najeriya aka yi wa lambar rajista.

18/ Shi kuma mai murabba'i da ɗigo-ɗigon nan, QR, a 1994 wani injiniya Masahiro Hara ya ƙirƙiro shi a kamfanin Denso na Japan, don bin sawun kayan gyaran mota. An gina shi yadda ko wani ɓangare ya lalace, har kusan kashi 30 cikin 100 a mataki mafi ƙarfi, zai karantu.

19/ Sai wayar GSM ta shigo mana a 2001, intanet ta biyo baya, tikiti ya bar aljihu ya koma waya. Misali na kusa da mu: jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Fasinjoji sun sha kuka da 'yan bumburutu a Rigasa da Idu, sai a Janairun 2021 aka ƙaddamar da sayen tikiti ta intanet.

20/ Ba ina cewa a koma kwali ba ne. Tikitin waya ya rage layi da cuwa-cuwa. Amma akwai abin da ya canza ba mu lura ba. Kakanmu shaidarsa a hannunsa take. Tawa shaidar tana cikin wata kwamfuta da ban san inda take ba, wayata taga ce kawai da nake leƙa ta.

21/ Shi ya sa zanen ke ɓacewa. Sau da yawa ba a cikin saƙon yake ba, sai ka buɗe ake jawo shi ta intanet. Mutum ɗari biyar a wuri ɗaya, kowa na kan data, sabis ya shaƙe, rubutu ya fito, hoto ya maƙale. Wani lokaci kuma kuɗinka ya fita amma bai gama isa wajen masu tikitin ba.

22/ Wani lokacin da gangan ne. Manyan kamfanonin tikiti kan ɓoye zanen sai taro ya kusa, don kar a kwafa a sayar wa mutum goma. Ticketmaster ma tun 2019 ya kawo wanda ke canzawa bayan 'yan daƙiƙoƙi, sikirinshot ɗinsa ba ya aiki. Ga fasasshen gilashin waya, ga ƙarancin haske, ga 'yan damfara.

23/ Kada ku ce matsalar Najeriya ce kawai. 'Yan ƙwallo, ku tuna 28 ga Mayu 2022, wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Faris, Liverpool da Real Madrid. Dubban masu tikiti na gaske suka maƙale a geti, aka fesa musu barkonon tsohuwa, aka jinkirta wasan sama da rabin awa.

24/ Da farko hukumomin Faransa suka ɗora laifin a kan magoya baya da tikitin bogi. Da kwamitin bincike mai zaman kansa ya fitar da rahoto a Fabrairun 2023, sai ya ce babban alhakin na UEFA ne. In tsari ya fashe a geti, mai saye ake fara zargi. Ko a Faris, ko a Samaru.

25/ Mu dai daren nan mun yi kusan minti arba'in a waje. Daga baya wata 'yar'uwa cikin masu shirya taron ta fito da kwamfuta, ta ce kowa ya karanto lambar odarsa. Na karanta, ta duba, ta ce mu shiga. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Abin da Edmondson ya yi ne sak: lamba a hannunka, lamba a littafi.

26/ Amma kafin ta fito wasu sun tafi. Akwai wata yarinya da ta zo daga Sabon Gari, an ce mata ƙarfe tara ta kasance a gida, ga neman abin hawa daga Samaru zuwa Kwangila da dare. Ta juya da kwalliyarta da tikitinta da ta biya. Ita ce har yau take tsaya min a rai.

27/ Don haka masu shirya taro, don Allah: ku buga sunaye da lambobi a takarda ku ajiye a geti. Ku sa lambar a rubuce a ƙasan zanen. Ku ba mai geti ikon dubawa da hannu. Masu kanti sun san wannan tun 1974.

28/ Mu kuma masu saye: buɗe tikitinka tun a gida, sauke shi cikin waya, rubuta lambar oda a takarda, ƙara hasken waya a geti. In ka ga farin akwati, kira su tun da rana. In an tare ka, kar ka yi faɗa da yaron geti, ce masa, "Ga lambata, a kira wanda zai duba."

29/ Ɓacewar zane ba ɓacewar haƙƙinka ba ce. Ka biya, kana da lamba, sauran aikin nasu ne. Wa abin ya taɓa faruwa da shi? Kuma in akwai mai tsohon tikitin reluwe ko na sinima a gidansu, ya ɗauko hoto ya ajiye mana a ƙasa. Zan fara da na kakanmu in na je gida ranar Juma'a, in sha Allahu.