Yadda Ɗalibai Suka Fara Aikin Lada a Ƙasashen Waje

A zamanin dā, ɗalibin jami'a a Turai da Amurka yakan yi shekaru yana karatun injiniya ba tare da ya taɓa riƙe guduma a masana'anta ba. In ya gama, ga ilmi a ka, amma hannu bai san aiki ba. Masu masana'antu kuwa sai sun sāke koya masa daga farko.

Wani malamin injiniya a Amurka, mai suna Herman Schneider, ya lura da wannan aibi. Ya ga ɗaliban da suka taɓa yin aikin ƙarfi kafin su gama karatu sun fi 'yan'uwansu fahimta. Saboda haka cikin shekarar 1906, a Jami'ar Sinsinati, ya fara wata dabara da ɗalibai 27. Aka raba su kashi biyu. Wannan mako kashi ɗaya suna aji, ɗaya kashin suna masana'anta, mako mai zuwa sai su yi musaya. Masu masana'antu kuma suna biyansu lada kamar sauran ma'aikata. Da aka ga amfanin abin, sai waɗansu jami'o'i suka ɗauka.

To, amma duk wannan a cikin ƙasa ɗaya ake yinsa. Ƙetare iyaka da shi bai bunƙasa sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945. Yaƙin ya bar biranen Turai a rushe, ana bukatar injiniyoyi ƙwarai, ga kuma gaba tsakanin al'ummai. Kuɗi ya yi wuya, har gwamnatin Ingila ta ƙayyade abin da mutum zai fita da shi waje. Ɗan talaka ba shi da halin zuwa wata ƙasa ya ga yadda ake aiki.

Cikin watan Janairu na 1948 wakilan ƙasashe 10 na Turai suka taru a Kwalejin Imperial ta birnin Landan, bisa jagorancin James Newby. Cikinsu akwai Ingila da Faransa da Beljiyam da Holan. Suka kafa ƙungiyar da ake kira IAESTE, watau ƙungiyar musayar ɗalibai don koyon aikin hannu.

Ga yadda suka shirya abin. Kowace ƙasa za ta bi masana'antunta ta roƙi gurabun aiki domin baƙi. Sa'an nan wakilai su taru sau ɗaya a shekara su yi musaya, gurbi a bakin gurbi. Ƙasar da ta kawo gurabu da yawa, ɗalibanta da yawa za su fita. Ɗalibi shi zai biya kuɗin tafiyarsa. Mai masana'anta zai biya shi ladan da zai ishe shi ci da sha da kuɗin ɗaki. 'Yan ƙungiya na ƙasar da ya sauka su ne za su nema masa masauki. Yawanci a lokacin dogon hutu ake yi, wata biyu ko uku, sa'an nan ya koma karatunsa.

Ladan nan shi ne ginshiƙin al'amarin. Da kyauta ake aikin, da 'ya'yan masu hali kaɗai za su tafi. Kuma wanda ake biya, dole a ba shi aiki na gaske, a kuma tuhume shi in ya yi sakaci.

Sannu a hankali ƙungiyar ta bazu, ta wuce Turai ta kai Amurka da Asiya da Afirka, har ƙasashen da ke cikinta suka kai gommai. Samarin da iyayensu suka yaƙi juna suka tsaya gaban inji ɗaya suna aiki, ƙarshen wata kuma suka karɓi lada a teburi ɗaya.