Rohingya da Abokan Hulɗar Sojojin Bama

Tun da Janar Ne Win ya ƙwace mulki a 1962, sojojin Bama, ƙasar da ake kira Myanmar a yau, ba su taɓa rasa abokan hulɗa a ƙetare ba. A 1978 suka kai farmaki yankin Rakhine da sunan zaƙulo baƙin haure, har Musulmin Rohingya kusan 200,000 suka tsere zuwa Bangladesh. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 kuma ta mayar da su baƙi a mahaifarsu. Duk wannan bai girgiza ciniki ko diflomasiyya ba.

Abin da ya tayar da gagarumar adawa a Yammacin duniya shi ne kisan masu zanga-zanga a 1988, da ƙin miƙa mulki ga jam'iyyar Aung San Suu Kyi bayan zaɓen 1990. Ɗalibai a jami'o'in Amurka suka ƙaurace wa Pepsi har kamfanin ya fice a 1997, shekarar da Shugaba Clinton ya haramta sabon jari a ƙasar. Jihar Massachusetts ta yi dokar ƙin sayayya daga kamfanonin da ke hulɗa da sojojin, sai Kotun Ƙolin Amurka ta soke ta a 2000, bisa hujjar cewa ta ci karo da dokar tarayya. A tsakiyar wannan fafutuka, wasu Rohingya kimanin 250,000 sun sake gudun hijira a 1991 zuwa 1992, amma da ƙyar sunansu ke fitowa a jawabai. Dimokuraɗiyya ake nema, ana zaton idan ta samu komai zai daidaita.

Zaton bai tabbata ba. Da sojoji suka ɗan sassauta, Obama ya janye takunkumi a 2016, kuma a Afrilun 2017 babban hafsan soji Min Aung Hlaing ya ziyarci Jamus da Ostiriya cikin girmamawa. Wata huɗu bayan nan dakarunsa suka shiga ƙone ƙauyuka, mutum sama da 700,000 suka kwarara zuwa Cox's Bazar. Birtaniya ta dakatar da horar da sojojin a Satumba. A Isra'ila, lauya Eitay Mack ya kai ƙara babbar kotu don a hana sayar musu da makamai, aka yanke hukunci, aka kuma hana bayyana shi. Ƙaramar ƙasa Gambiya ce ta gurfanar da Myanmar a Kotun Duniya a Nuwamban 2019 bisa zargin kisan ƙare-dangi, kuma wadda ta je kare ƙasar ita ce Suu Kyi, wadda aka yi gwagwarmayar farko dominta.

Ostireliya kuwa ta ci gaba da hulɗar soji duk da ƙorafin ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam. Haka kamfanin giya na Japan, Kirin, ya riƙe haɗin gwiwarsa da wani kamfani mallakar sojoji. Sai da juyin mulkin 1 ga Fabrairun 2021 ya taɓa 'yan siyasa da mazauna birane sannan Kirin ya sanar da raba gari cikin kwanaki, Ostireliya ta bi baya a Maris. A Yuni, ƙasashe 119 suka goyi bayan kiran Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya na hana shigar da makamai. Sin da Rasha, manyan masu sayar wa sojojin makamai, suka ƙaurace wa ƙuri'ar.