Benen Ikoyi mai hawa 21: wasiƙar da ta riga rushewar da wata 20 🧵

1/ Jama'a, yau tarihi zan ɗan yi muku, na kwanan nan, wanda da yawanmu muna da wayo lokacin da ya faru. Labarin benen Ikoyi ne da ya rufta a Legas ranar Litinin, 1 ga Nuwamba 2021. Zaren yana da tsawo, ku yi haƙuri. Akwai dalilin da ya sa na tono shi, zan faɗa a ƙarshe.

2/ Wurin yana kan titin Gerrard, unguwar da talaka ba ya shiga sai dai in aiki ya kai shi. Kamfanin Fourscore na Femi Osibona ne ke gina benaye uku a fili ɗaya, ya sa musu suna 360 Degrees Towers. Gidajen kwana ne na masu hannu da shuni, kowane ɗaya kuɗinsa ya haura dala miliyan ɗaya. Da rana tsaka, ma'aikata na ciki, mai hawa 21 ɗin ya zauna a ƙasa gaba ɗaya.

3/ Mutum fiye da 40 suka rasu. Shi kansa Osibona yana ciki, bayan kwana uku aka zaƙulo gawarsa. Mafi yawan sauran leburori ne da magina da masu aikin hannu, waɗanda ko sun shekara ɗari suna tara kuɗin yini ba za su sayi ɗaki ɗaya a ginin ba.

4/ Na tuna bidiyoyin lokacin. 'Yan uwa sun yi cirko-cirko a bakin shinge, kowa riƙe da hoton nasa a waya, suna ƙorafin aikin ceto na tafiyar hawainiya. Sai da gwamnati ta kafa tebur na musamman ana rubuta sunayen waɗanda ba a gani ba. Wato daga bakin iyalai ake haɗa lissafin su wa ke ciki. Wasu gawarwakin ma sai da gwajin DNA aka gane su.

5/ To ga inda labarin yake ci mini rai. A watan Fabrairu 2020, kamfanin injiniyoyin da ke kula da ƙarfin ginin, Prowess Engineering, ya rubuta wa Fourscore wasiƙa cewa ya janye hannunsa daga aikin. Wasiƙar ta bazu a intanet jim kaɗan bayan rushewar. Ku lissafa: Fabrairu 2020 zuwa Nuwamba 2021, wata 20 ke nan.

6/ Abin da suka rubuta a taƙaice: ra'ayinsu da na mai ginin ya rabu kan yadda ake tafiyar da aikin. Benaye biyu na farko za su iya tsaya musu. Na ukun kuwa iyakarsu hawa na huɗu, kuma ba su da sakamakon gwajin kankarensa a hannu. Har suka nemi a cire sunansu daga allon da ke bakin wurin.

7/ Bari in bayyana gwajin nan, don ni ma sai da wani abokina ɗan sashen injiniya ya zaunar da ni. Duk lokacin da za a zuba ginshiƙi ko dekin, ana ɗiban kankaren a zuba a wasu ƙananan akwatuna, a bar shi ya daskare a cikin ruwa. Bayan kwana 7 a gwada wasu, bayan kwana 28 a gwada sauran: a sa a inji a matse har ya fashe. Nauyin da ya jure kafin ya fashe shi ke nuna ko an yi ha'incin siminti, ko yashi ya yi yawa, ko an cika ruwa.

8/ Ido ba ya gane wannan fa. Kankare mai kyau da na ha'inci duk toka-toka ne, in an shafa filasta da fenti shi ke nan. Shi ya sa injiniyan da ya ce bai ga sakamakon gwaji ba, ma'anar maganarsa ita ce bai san abin da ke riƙe da ginin ba. Kuma aka ci gaba da ɗora hawa a kan hawa.

9/ Sai maganar izini. Shugaban LASBCA, hukumar da ke sa ido kan gine-gine a Legas, Gbolahan Oki, ya shaida wa 'yan jarida cewa hawa 15 aka amince, mai ginin ya kai 21. Washegari Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da shi. Mataimakin gwamna Obafemi Hamzat kuma ya ce an taɓa rufe wurin na wasu watanni a cikin shekarar, daga baya aka buɗe.

10/ Ku tsaya a nan kaɗan. Hawa shida na ƙari ba kaza ba ce da za a ɓoye a ƙarƙashin kwando. Bene ne da ake hangowa daga nesa, a unguwar da manyan ƙasar ke wucewa safe da yamma. Hukuma ta san da wurin tunda har ta taɓa garƙame shi. Ni a nawa ganin, duk wanda ya sa hannu aka cire wannan kwaɗon yana da tambayar amsawa daidai da mai ginin.

11/ Abin da ya biyo baya kun san salon. Makokin kwana uku. Kwamiti ƙarƙashin Toyin Ayinde, masanin tsara birane. Rahoto a Janairu 2022, farar takarda a Fabrairu: gwamnati ta karɓi shawarwari 26 cikin 28, ciki har da rushe sauran benaye biyun, ƙwace filin, gurfanar da kamfanin, da ladabtar da jami'an da aka samu da hannu.

12/ A takarda ba laifi. Matsalar ita ce babban wanda ake zargi ya mutu a ƙarƙashin ginin nasa, kuma mamaci shi ne mafi sauƙin ɗora wa kaya. Ba zai zo kotu ya ce ga wanda na gani a ofis kaza ba, ga abin da muka yi da shi ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, amma mutuwarsa ta rufa wa rayayyu da yawa asiri.

13/ Alƙalin da ya binciki musabbabin mutuwar, Oyetade Komolafe, bai tsaya kan mai ginin kaɗai ba, ya ɗora laifin sakaci a kan hukumomin gwamnatin da ya kamata su hana. Kuma wannan suna ba baƙo ba ne ga mai bin tarihin rushewar gine-gine a Legas.

14/ Shi ne dai ya binciki masaukin baƙi na cocin Synagogue na T.B. Joshua da ya rushe a Ikotun ranar 12 ga Satumba 2014. Mutum 116, fiye da 80 'yan Afirka ta Kudu. Cocin ya ce wani jirgin sama ne da ya yi ta shawagi a kan ginin. A Yuli 2015 alƙalin ya ce a'a: gini ne da ake ƙara wa hawa ba tare da izini ba, kuma ƙarfinsa bai kai ba. Aka gurfanar da injiniyoyi biyu a 2016, shari'a ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru.

15/ Maris 2016, Lekki Gardens, mutum 34, Gwamna Ambode ya kori shugaban LASBCA na lokacin. Maris 2019, Ita Faji a tsibirin Legas, gidan haya da makarantar yara a samansa, mutum 20, kuma gini ne da aka riga aka yi wa alamar rushewa. Kowane ɗaya ka duba, akwai wanda ya sani tun kafin ranar.

16/ Doka ma akwai ta. Akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006. Dokar inshora ta 2003, kafin a sauya ta a 2025, ta wajabta inshora a kan duk ginin da ake yi da ya wuce hawa biyu, don in wani abu ya faru iyalan ma'aikata su samu diyya. Don Allah wanda ya taɓa yin lebura a wajen gini ya faɗa mini ko an taɓa nuna masa wannan takardar.

17/ Na karanta labarin wani bene a Landan, Ronan Point, mai hawa 22. Ranar 16 ga Mayu 1968 wata mata a hawa na 18 ta kyasta ashana za ta dafa shayi, gas ya fashe, kusurwa guda ta ginin ta zube daga sama har ƙasa. Mutum 4 suka mutu. Zuwa 1970 an sauya dokar gini ta Ingila: dole a tsara dogon bene yadda in wani ɓangare ya lalace ba zai ja sauran ba.

18/ Kar ku ce ina yabon Turawa, su ma sun yi nasu. Gyara ginin suka yi suka mayar da mutane ciki. Wani masanin zanen gini, Sam Webb, da mazauna wurin suka yi ta matsa lamba har aka kwashe mutane, aka warware ginin gunduwa-gunduwa a 1986. A mahaɗar bangaye, inda ya kamata a ga siminti, sai ga shara da tsofaffin jaridu. Shekara 18 mutane ba su saki maganar ba. Mu kuwa Ikoyi ko sati biyu ba ta yi a bakinmu ba wani labarin ya ture ta.

19/ Kuma kar ɗan Arewa ya ce wannan matsalar Legas ce. Agusta 2022 bene ya rufta a titin Beirut a Kano. Ranar 12 ga Yuli 2024 makarantar Saints Academy a Jos ta faɗo kan ɗalibai suna cikin aji, mutum 22 suka rasu.

20/ Yanzu ga dalilin zaren. Gidan da nake haya a wajen makaranta hawa ɗaya ne lokacin da na kama ɗaki. Hutun da ya wuce mai gidan ya ɗora wani hawan, don ɗalibai sun yi yawa kuma kuɗin haya ya tashi. Da muka dawo sai ga tsaga a bangon matattakala, ta tashi a karkace daga kusurwar taga. An shafe ta da siminti sau biyu, sau biyu tana dawowa. Ƙofar ɗakina ma yanzu sai na sa kafaɗa take rufuwa.

21/ Na nuna wa abokin nan nawa hoto, ya yi shiru, sannan ya ce in nemi a kawo injiniya mai rajista da COREN ya duba, kuma in tambayi takardar izinin ƙarin hawan. Na samu mai kula da gidan na ce, "Baba, don Allah akwai takardar izinin saman nan?" Ya kalle ni ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, karatu ka zo yi ko aikin hukuma? In ba ka so, akwai mutum goma da ke jiran ɗakin."

22/ Mu goma sha huɗu muka sa hannu a wasiƙa, da kwanan wata da hotunan tsagar. Kwafi ɗaya na wajen mai gidan, ɗaya mun kai ofishin tsara birane an buga mana hatimin karɓa, ɗaya na cikin wayar kowannenmu. Yau sati uku ke nan ba wanda ya zo. Kuɗin hayar shekara kuma ƙarshen watan nan ne.