Kuɗin gwaji da barewar da ke aljihunka

Ɗan'uwa mai karatu, in ka je kasuwar Dogon Dutsi ko ta Tibiri aka ba ka canji, tsaya ka dubi dala ɗaya da kyau. Za ka ga kan barewa. Ka san daga ina ta fito?

Kakanninmu na Arewa da wuri suke ciniki, da kuma dalar azurfa mai shekarar 1780, wadda ta bar mana sunan dala. A shekarar 1945 Faransa ta kafa kuɗin sefa. A 1948 aka buga tamma ɗaya da tamma biyu da farin ƙarfe marar nauyi, da kan barewa a jiki. Wani gwanin zane, Lucien Bazor, shi ya zana ta.

Ka san maƙeri ba ya ƙera hauya ɗari sai ya gwada guda ɗaya tukuna. Haka ma gidan buga kuɗi na Faris. Kafin a buga masu yawa, sai a buga kaɗan a duba zanen, a sa musu wata ƙaramar kalma: ESSAI. Ma'anarta gwaji. Ba a kai su kasuwa. Saboda ƙarancinsu, masu tara tsofaffin kuɗi suna sayen su da tsada.

Nijar ma tana da nata. Akwai na azurfa masu shekarar 1960, shekarar samun mulkin kai, da hoton Shugaba Diori Hamani. Akwai na 1968 mai hoton zaki. Na tunawa ne, ba a taɓa sayen gero da su ba.

Yanzu juya dalar nan. Abin da ka gani kifi ne mai baki kamar zarto. An ɗauko shi daga ma'aunin zinariya na mutanen Akan. A kan dala biyu ta 1981 kuwa, mutane ne suna ɗiban ruwa.

Da wuya ka tsinci kuɗin gwaji a ƙauye. Amma in akwai tsohon kuɗi a tukunyar kaka, kada ka goge shi da toka, gugar tana rage masa daraja. Kada ka ba maƙeri ya narka. Da, sai ka nemi mai karanta maka. Yanzu kai za ka karanta shekararsa da kanka, ka nuna wa yaranka.