Hotunan Zuhal daga kumbon Cassini

Cassini kumbo ne da hukumar NASA ta Amurka, tare da hukumomin sararin samaniya na Turai da Italiya, suka harba ranar 15 ga Oktoba 1997 domin binciken duniyar Zuhal. Ya shiga kewayenta a Yulin 2004, ya kuma aiko da hotuna sama da 450,000 kafin a kutsa da shi cikin iskarta ranar 15 ga Satumba 2017.

A ƙauyukan Dambatta da Bichi, inda hasken lantarki bai dushe sama ba, ana ganin Zuhal da ido, ɗigo mai launin rawaya wanda ba ya ƙyaftawa kamar sauran taurari. Zobbanta kuwa sai da madubin hangen nesa. Hotunan Cassini sun nuna zobban nan tarin ƙanƙara ne, daga mai girman ƙwayar gero zuwa mai girman ɗaki, kuma duk faɗinsu, kaurinsu a wurare da yawa bai wuce mita 10 ba.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne watanninta. A 2005 an ɗauki hoton ƙaramin wata Enceladus yana feso tururi da ƙanƙara daga kudancinsa, alamar akwai teku a ƙarƙashin ɓawonsa. A Janairun 2005 ɗin na'urar Huygens, wadda Cassini ya ɗauko, ta sauka a kan Titan, watan Zuhal mafi girma, inda daga baya aka gano tafkunan methane.