Me Ya Kayar Da Tu-144 A Faris?

Duk mai tara hotunan jiragen fasinja masu gudun da ya zarce na sauti ya san hotunan ranar 3 ga Yuni, 1973. A ranar, Tu-144 na Tarayyar Sobiyat ya tashi nuna bajinta a bikin baje kolin jirage na Le Bourget, kusa da Faris, bayan abokin hamayyarsa, jirgin Concorde, ya gama nasa. Ya yi sama a miƙe, kwatsam sai ya sunkuyo da hanci. Matuƙin, Mikhail Kozlov, ya yi ta faman ɗago shi har fuffuken hagu ya ɓalle, jirgin ya tarwatse a kan garin Goussainville. Mutum 6 da ke ciki suka halaka, da 8 a ƙasa.

Zarge-zarge biyu suka fi yawo, kuma dukansu na ɗaukar hoto ne. Na farko, wani jirgin yaƙin Faransa, Mirage, yana shawagi a kusa, ana zargin ya je leƙen ƙananan fukafukai biyu da ke bayan ɗakin matuƙin Tu-144, waɗanda ake buɗewa lokacin tashi da sauka. Concorde ba shi da irinsu. Wai Kozlov ya gan shi ba zato, ya kauce a firgice. Na biyu, wai kyamarar da wani ma'aikacin jirgin ke riƙe da ita ce ta faɗi ta tokare sandar tuƙi. Kwamitin binciken haɗin gwiwa na Faransa da Sobiyat ya ambaci biyun a 1974, sannan ya ce ba a gano sanadi ba.

Shekaru da yawa bayan haka wani bayani ya fito daga ɓangaren masu ƙera jirgin: an taɓa na'urar daidaita tuƙi kafin tashin, don jirgin ya ƙure Concorde a idon 'yan kallo. Da aka naɗe ƙananan fukafukan a sama, na'urar ta tura hancin ƙasa da kanta.

Wannan ya fi kwanta mini. Labarin kyamara ya yi wa gwamnatocin biyu daɗi, don ya ɗora laifi a kan mamaci, wanda ba zai musa ba. Faransa ba ta son a tono maganar Mirage, Mosko kuwa ba ta son a ce jirginta na da aibi.

In kana da hotunan wannan rana a tarinka, jera su bi da bi, ka duba a wanne ne ƙananan fukafukan suka ɓace.